Ranar da Dogarina Ya Kama Shanun Tsoho

Shekarun baya, yayana ya dawo hutu Bagudo daga jami'a da wata ƙwaya irin ta ludo, amma mai fuska ashirin. Ya ce ta wani wasa ce: shi zai riƙa ba da labari, mu kuma kowa ya ƙirƙiri mutuminsa a takarda, ya faɗi abin da zai aikata, a jefa ƙwaya ta nuna ko ya yi nasara, babbar lamba nasara, ƙarama faɗuwa. Kullum bayan La'asar sai mu kewaye teburin yanka na wani tela a unguwarmu, ni da telan da abokina, Bafulatanin da muka tashi tare tun firamare. Wallahi ban taɓa samun abin da ya tafi da hankalina kamar wasan nan ba.

Kafin a fara, dole kowa ya rubuta halin mutuminsa ta fuska biyu: mai bin doka ne ko mai bijire mata, sannan nagari ne ko mugu. Tela ya zaɓi mugu mai bijirewa yana ta ƙyaƙyata dariya. Abokina ya yi maharbi, nagari mai bijirewa. Ni kuwa, da yake ina ji da kaina a unguwa, na yi dogari mai tsaron mashigar kogi, nagari mai bin doka. Na ɗauki rubutun nan tamkar rantsuwa, tunda da hannuna na rubuta a gaban shaidu, kuma a gidanmu alkawari kaya ne.

Wata rana yayana ya kawo labarin fari. Sarkin garin ya hana ƙetare kogi da dabbobi, sai ga wani tsoho ya iso mashigata da shanu ramammu, ciyawa kuma tana can tsallake.

"Dogari, mi za ka yi?" in ji yayana.

Na ce in kama su duka. Na jefa ƙwaya, ashirin cif! Na daka tsalle har na ture almakashin tela, ina ihu ina buga tebur. Sai da na gama haukata na lura abokina ya ajiye takardarsa.

"Tsohon ga mi ya yi maka?" ya tambaye ni a hankali.

"Ba ni ba ne, takarda ce. Mai bin doka na rubuta."

"Haka wanda ya tare shanun babana ya ce mai," ya faɗa, ya sa takalmansa ya fita.

Na san labarin sarai. Wata shekara an tsare garkensu a hanyar ƙetarawa ƙasar Binin, har shanu da dama suka mutu da yunwa. Murnar ashirin ce ta rufe mini ido. Mako biyu bai zo ba, ko a masallaci muka haɗu sai dai gaisuwa a tsaitsaye. Abin ya dame ni ƙwarai, amma girman kai ya hana ni motsi.

Yayana ne ya zaunar da ni. "Kai wawa, kalma biyu ka rubuta, ka riƙe guda ka yada guda. Ina nagartar? Halin ga ba rantsuwa ba ne. An sa shi ne don ran da doka da tausayi suka raba hanya, mu ga wace za ka bi."

Ranar kasuwar Lolo na hau mashin na same shi a kara, wajen da ake cinikin shanu. Na ce masa dogari ya yi kuskure, yana son buɗe shingen da ya kulle shanun tsoho, amma ba zai iya shi kaɗai ba. Sai ya ce, "Ka san sarki na iya ɗaure ka?" Na ce ya ɗaure.

Washegari teburi ya cika. Na ce dogari ya cire rawaninsa da tsakar rana ya buɗe shinge. Na jefa, biyu! Tela ya faɗi ƙasa don dariya, sauran dogaran sarki suka yi ram da ni ina cikin buɗewa. Abokina ya karɓi ƙwaya, ya hura mata iska, ya jefa, sha tara. Maharbi ya ƙarasa buɗe shinge, ya kora shanu suka faɗa ruwa suka haye. Ihun da muka yi sai da masu shagunan kusa suka leƙo, shi kuma ya rungume ni yana cewa "Sun haye, sun haye!" kamar garken gidansu ne.

Abin da na koya shi ne, kiran kanka nagari ba wuya, musamman a takarda. Wuyar tana ranar da nagartar za ta ci maka rawani.

Hutu ya ƙare kafin mu ƙarasa labarin, don haka dogarina na nan a ɗaure. Har yau idan abokina ya kira ni a waya, kafin ya tambayi iyali sai ya ce, "Dogari, an sake ka?" Ni kuma in ce masa a'a, amma shanu sun haye.