Ranar da Baba Sulaimanu Bai Dawo Ba

Baba Sulaimanu maƙwabcinmu ne a unguwar Arba wa Nus ta Alƙahira, Bahaushen Sudan. Da ƙuruciyarsa shi ke sa faifai a bukukuwan Omdurman. Da yaƙi ya koro su Alƙahira, faifai ɗaya ya tsira da shi, na wata tsohuwar waƙar soul ta baƙaƙen Amurka. Kowa a benenmu ya san tarihinta daga bakinsa: wai kamfani ya raina ta, ya cusa ta a bayan faifai, wani ma'aikacin rediyo ya juya bisa kuskure, kafin a ankara ta haye saman jerin waƙoƙin da aka fi saye, ta ƙi sauka.

Yanzu tsufa ya taɓa tunaninsa. Yakan manta sunan 'yarsa Mahasin, amma da ya ji waƙar sai ya miƙe.

Wata Juma'a aka idar da salla bai dawo ba. Mahasin ta buga ƙofarmu, katin iƙamarsa, na izinin zama, a hannunta. A makon ana ta tare baƙi ana duba takardu, marar kati sai cikin mota.

"Mu je wurin 'yan sanda," na ce.

"Nawa katin ya ƙare, Humaira."

Tarig, wani maƙwabcinmu mai tuk-tuk, wato a-daidaita-sahu, shi ya kawo shawara. "Sifikata har kurma tana tayarwa. Turo min waƙar a waya, yalla!"

Muka shiga lungu-lungu, muryar mawaƙin tana dukan bango. Mutane suna leƙowa ta baranda. Mu da muka saba tafiya kai a sunkuye, yau ga mu muna shelar kanmu.

A bakin babban titi muka hango motar 'yan sanda. Mahasin ta damƙe hannuna.

"Tarig, rage," ta ce.

"In na rage, ya za a yi Hajj Sulaimanu ya ji?"

Ta runtse ido. "Bar ta."

Wani ɗan sanda ya bi mu da kallo har muka sha kwana. 

Kusa da mai matse rake muka gan shi, ba takalmi, yana ɗaga mana hannu. Mahasin ta diro.

"Yaba!" ta kira shi, yadda 'yan Sudan ke kiran uba.

Ya dube ta da ladabi, kamar baƙuwa. "'Yata, motar nan za ta Omdurman?"

Ta waiga titi, ta riƙo hannun jallabiyarsa.

"Za ta, Yaba. Hau da sauri."