Goggo Rariya da ɓawon wake

Goggona tela ce, kuma ban taɓa ganin mai tsantseni irinta ba. Zare ɗaya ya leƙo a riga, sai ta farke ɗinkin gaba ɗaya. Haka take a kicin. Wake sai ta sale masa ɓawo tas, gari sai ta tankaɗe ta sake tankaɗewa, lemo ta matse ta zubar da tuƙar. Shi ya sa muke ce mata Goggo Rariya. Duk abin da rariya ta riƙe, kajinta ke cinyewa.

Da ciwon suga ya kama ta, tana shan magani, amma sugan ya ƙi sauka yadda ake so. Ido ya fara hazo, zare ya daina shiga allura. Mijinta, tsohon direba mai yatsu kamar sitiyari, shi ya koma zura mata.

"Ki sayar da keken nan ki huta," in ji shi.

"Malam, ka fara sayar da bakinka tukuna."

Amma ta tsorata. Keken nan shi ne ita.

A asibiti likita ta tambaye ta yadda take girki. Goggo ta gyara zama ta yi bayani da alfahari. Likita ta dafe kai.

"Mama, ai kajinki kike yi wa jinya!"

Ta ce akwai ƙwayoyin halitta masu amfani a hanji, kuma harzar nan da Goggo ke zubarwa, wato ɓawo da dusa da tuƙa, ita ce abincinsu. In sun ƙoshi, suna fitar da abin da ke taimakawa wajen rage kumburin cikin jiki, suga ma ya daina afka wa jini lokaci ɗaya. Wake da ɓawonsa, albasa, tafarnuwa, ganye, hatsin da ba a cire wa dusa ba. A fara kaɗan-kaɗan, kuma magani na nan daram.

"'Yar nan, ni zan ci dusa? Da girmana?"

Ta ci. Tana ci tana harara, amma ta ci. Makon farko cikinta ya yi ta ƙugi, Malam ya ce injin ya tashi, saura giya. Ta jefe shi da murfin tukunya.

Ba dare ɗaya abin ya faru ba, kar wani ya zo min da labarin maganin mu'ujiza. Watanni aka yi, ga magani, ga tafiyar safe, awon suga na sauka a hankali.

Ran nan na shiga ɗakin ɗinki na tarar Malam ya miƙo hannu kamar kullum. Goggo ta buge hannun, ta lashi bakin zare, ta ɗaga allura saitin taga. Shiga ɗaya.

"Je ka ba kaji haƙuri," ta ce, ta taka keke. "Sun rame."