Kukan Waliyyu

Murjanatu 'yar ƙauyen Dangamaji ce. Na san ta tun tana yarinya, tana kawo wa matata Dorcas ƙuli-ƙuli a gidan da muke haya a Jega, lokacin ina koyarwa, garin bai kai rabin girmansa na yau ba. Ta auri Atiku, manomin albasa, mutum marar yawan magana. Sun daɗe ba haihuwa, har mutane suka daina tambaya. Sai ga ciki.

Da cikin ya yi nisa, aka tura ta Birnin Kebbi a ɗauki hotonsa. Dorcas ce ta raka su, ita da Atiku. Likitar ta daɗe tana dubawa, ta kira wata, suka duba tare. Sannan ta faɗa musu a hankali: namiji ne, amma ƙirjinsa bai rufe ba, zuciyar tana bugawa a waje, kuma da huji a jikin zuciyar, hanjin ma a waje yake. Ta ce ba kasafai ake ganin irinsa ba, kuma ko an haife shi ba zai jima ba.

Murjanatu ba ta tambayi magani ba. Cewa ta yi, "Likita, shina yin kuka in an haihe shi?"

"Wannan ba zan iya yi miki alkawari ba," in ji likitar.

Atiku ne ya bayyana mini dalilin tambayar. A wurinsu, jaririn da ya yi kuka ya zo duniya ke nan: a ba shi suna, a yi masa wanka, a yi masa salla. Wanda ya faɗo shiru, sai a naɗe shi a binne. "Malam," ya ce, "ba ta son a ruhe shi kamar bai zo ba."

Ta ci gaba da suyar ƙulinta. Goggo, mahaifiyar Atiku, takan dafa cikin ta ce, "Mijin nan nau akwai shuri. In ka hito ka buɗe baki, kada ka ba ni kunya gaban likitoci."

Da lokacin haihuwa ya yi, aka koma Birnin Kebbi, da hantsi aka yi mata aiki, idonta biyu. Aka ciro shi, ɗakin ya yi tsit. Can sai aka ji wani siririn kuka, kamar na ɗan akuya daga bayan gari. Murjanatu ta ce, "Kun dai jiya ko?" Suka ce sun ji.

Atiku ya yi masa huɗuba da Waliyyu. Kafin azahar jaririn ya cika. Aka kawo shi Jega, maza suka yi sahu suka sallace shi, ni da ba Musulmi ba ina tsaye daga gefe.

A nan uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, saboda kunya. Murjanatu tana faɗin nasa, kuma ban taɓa jin wanda ya hana ta ba.