Sabuwar Rigar Wayata da Kifin Malam

Jama'a, yau wautata ta kusa kashe auren ɗana!

Kun san karatu wuya yake ba ni. Shi ya sa ɗiyata Hadiza ta sa ma kowa launinsa a wayata. Shuɗi na abokina Ɗan Gulma masunci, ja na Malam na unguwar Badariya, wanda muke nema ma ɗana Sani ɗiyarsa.

Da safe na ga wani hoto mai ƙyalli, na danna. Waya ta sake riga! Launuka duk sunka juye, ni ban lura ba. Na danna shuɗi, na saki murya: "Tsohon banza mai gashin bakin tarwaɗa, ina kifin da ka yi mani alkawari?"

Hadiza ta leƙo. "Baba, wa ka aika ma wanga?"

Na ce Ɗan Gulma mana.

Ta dafe kai. "Malam ne! Sabuwar rigar ta hau kan launukan da na sa, ita ke da iko yanzu."

Na ce a tuɓe mata rigar! Ta ce ko an tuɓe, Malam ya riga ya saurara.

Sani ya ƙi cin tuwo.

Bayan la'asar sai ga sallama. Malam da kansa, da ƙatuwar tarwaɗa a leda! Ya miƙo mani, ya shafa gashin bakinsa.

"Alhaji, ga alkawari. Duba da kyau, ni da ita wa ya fi?"