Mai Faci da Bishiyar Haya

Duk wanda tayarsa ta taɓa sacewa a mararrabar nan ya san Mai Faci. Dattijo ne siriri mai ɗan gemu, hannuwansa sun yi baƙi da gam har sabulu ya haƙura da su. Kayan aikinsa ba su da yawa: benci, famfo, gwangwanin gam, tarin tsofaffin tayoyi a bayansa, sai wani baho na ruwa da yake tsoma robar cikin taya don ya ga inda take yoyo. Shi a wurinsa, abin da ba a tsoma a ruwa ba, ba a san gaskiyarsa ba. Ranar da aka zo neman auren 'yarsa ma sai da ya ce, da ana tsoma mutum da ya tsoma yaron nan ya ga ta inda iska take fita.

Tun yana saurayi yake zama a ƙarƙashin wata ƙatuwar bishiya. Kullum in ya tashi aiki da yamma yakan juye ruwan bahon a gindinta, ya ce mata, "Ga ladanki." Sai aka zo faɗaɗa hanya, aka sare bishiyar, aka tumɓuke kututturen, aka bar masa rami. Hanyar ma ba ta iso wurin ba, ta tsaya can nesa da bencinsa.

Daga nan rana ta buɗe masa wuta. Gam ya riƙa bushewa tun bai shafa ba, hularsa ta koɗe, masu babur da a dā suke zama hira su jira faci suka koma tura babur ɗinsu gaba. Ya ɗaura buhu a kan sanduna, iska ta kwashe. Matarsa ta ce ya nemi wani wuri.

"Malam, kai ba ƙadangare ba ne da za ka yini kana shanya kanka," in ji ta.

"Nan aka san ni," ya ce. "In na tashi, wa zai gaya wa taya inda na koma?"

Gaskiyar magana, ba ciniki kaɗai ke damunsa ba. Kewar bishiyar yake yi kamar an yi masa rasuwa, ga shi kuma yana jin kunyar faɗa. Ruwan bahon ma bai daina juyewa a ramin ba. Burinsa ɗaya ne, ya sake zama a inuwa a wurin nan kafin ƙarfinsa ya ƙare.

Ana nan sai zaɓen kansila ya ƙarato. 'Yan takara biyu ne: Ɗan Kwangila, mai ƙaton tumbi da baƙin gilashi, da Mai Kyamis, wanda rabin unguwa suka sha maganin zazzaɓi daga hannunsa. A shekarar kuwa kowa maganar muhalli yake yi, ko wanda bai san yadda ake rubuta kalmar ba.

Ɗan Kwangila ne ya fara zuwa, da motoci da lasifika da mai ɗaukar hoto. Aka fito da wata 'yar bishiya a baƙar leda, ya durƙusa da ƙyar, ya dasa ta a ramin nan, aka yi tafi. Mai Faci har idonsa ya kawo ruwa. Ya yanko siririyar roba daga tsohuwar taya, ya kafa sanda, ya ɗaure 'yar bishiyar don kada iska ta karya ta. Motoci suna juyawa sai wasu samari biyu suka dawo, suka tone ta, suka mayar da ita cikin ledarta.

"Ina za ku kai ta?" ya tambaya.

"Baba, akwai wani dashen a unguwar gaba, an kusa makara," suka ce, suka haye babur.

Bayan kwanaki Mai Kyamis ya zo da nasa ayarin, shi ma da 'yar bishiya a baƙar leda. Ya yi jawabi mai tsawo a kan iska mai kyau da lafiyar huhu, ya sunkuya zai dasa. Mai Faci ya matso ya duba da kyau. Ga robarsa nan ɗaure a wuyan bishiyar, da irin ƙullin da shi kaɗai yake yi.

"Ranka ya daɗe, wannan baƙuwar mun san juna," ya ce. "Makon jiya ta zo nan da abokin takararka."

Ashe wajen mai lambu ɗaya suke haya, bishiya ɗaya ce take zagaya gari ana dasa ta ana tonewa, har ta fi 'yan takarar sanin unguwanni. Mai Kyamis ya ce yaransa ne suka yi kuskure, ya shige mota. Samarin da ke zuwa tone ta suka ji kunyar ɗaukarta a gaban mutane, suka bar ta. Ita kuwa ta gama jigata, ganye uku suka rage mata, su ma sun langaɓe. Tela, maƙwabcinsa kuma abokin faɗansa, ya juya ta ya ce wannan sai dai addu'a. Mai Faci ya jefa ta cikin tarin tayoyi, ransa a ɓace.

Ɓacin ran nan ne ya haifi Ƙungiyar Neman Inuwa. Aka yi taron farko a kan bencinsa da tsakar rana, don kowa ya ji a jikinsa abin da ake magana a kai. Masu babur suka zo, matan da ke sayar da kaya a bakin hanya suka zo, Tela ya zama sakatare saboda shi ke da biro a kunne. Aka yanke shawara guda: kowane ɗan takara ya haƙa raminsa ya dasa tasa, ta gaske, wanda tasa ta kai ranar zaɓe da rai shi unguwa za ta ba ƙuri'a. Mai Faci shi ne alƙali, aka sa ya yi alkawari a gaban jama'a ba zai zuba wa ko ɗaya ɗigon ruwa ba, kada a ce ya ɗauki ɓangare. Tun daga ranar, in yamma ta yi sai ya juya baya ya watsa ruwan bahonsa a kan tsofaffin tayoyi.

Abin da bishiyoyin nan biyu suka gani na gata, ɗan fari bai gani ba. Ɗan Kwangila ya kewaye tasa da bulo har saman kai, ya manna hotunansa ta kowace fuska, ya sa mai gadi da sanda. Safe da yamma tankar ruwa take zuwa ta kwarara mata, har kwaɗi suka tare a ciki. Mai Kyamis da ya ga haka ya ce ruwa ba ya warkarwa sai da magani. Ya riƙa aiko da takin zamani ana zuba mata cokali biyu sau uku a rana, bayan cin abinci, in ji Tela. Magoya baya suka riƙa tsayuwa suna gardamar ta wa ta fi ganye, har aka taɓa ba hammata iska a kan wani ganye da ya faɗi tsakanin ramukan biyu, kowa yana cewa na abokin hamayya ne.

Mai Faci yana zaune yana kallo, zuciyarsa tana ƙuna. Ya ga ta cikin bulo tana yin rawaya, ya ga ɗayar tana ƙonewa daga baki, amma alƙali ba ya ba da shawara, haka Tela ya rubuta. Ana saura kwana kaɗan zaɓe duk biyun suka mutu, ɗaya ta nutse, ɗaya magani ya yi mata yawa.

Ƙungiya ta zauna ta rasa hukunci. Wani ya ce a duba wadda ta riga mutuwa, wani ya ce a ƙirga busassun ganye. Daga ƙarshe kowa ya je ya zaɓi wanda dama can ya yi niyya, Ɗan Kwangila ya ci. Washegari aka zo aka kwashe bulon, tanka ba ta sake biyowa ba. Mai Faci ya koma gida ya kwanta ya juya wa ɗaki baya, abincin ma sai da aka yi da gaske ya taɓa.

Matarsa ce ta gano abin, bayan ya koma bakin aiki, ranar da ta kawo masa abincin rana ta zagaya bayan bencin neman tsohuwar taya da za ta ɗora tulu.

"Malam, zo ka ga baƙuwarka," ta ce.

A tsakiyar wata tayar babbar mota, ga bishiyar hayar nan tsaye, ta fasa ledarta ta kama ƙasa, ta yi sababbin ganye shar, robarsa tana nan a wuyanta. Tayoyi sun kare ta daga awaki, ruwan baho yana sauka mata kowace yamma. Mai Faci ya durƙusa ya daɗe yana kallonta. Murna ta kama shi, sannan ya auna tsayinta da hannu, ya ga ko gwiwarsa ba ta kai ba. Ya yi lissafin shekarunsa a zuci.

Labari ya kai kunnen sabon kansila. Bai yi wata guda ba sai ga shi da motoci da mai hoto, da wani ƙaton allo na ƙarfe mai ƙafa biyu, an rubuta cewa wannan bishiya aikin mai girma kansila ce, cikon alkawari. Tela ya fusata, masu babur suka taru, kowa yana jiran Mai Faci ya tsoma mutumin a ruwa yadda ya saba. Shi ma ya miƙe, ya gyara hula, ya buɗe baki. Daidai lokacin ma'aikata suka ɗaga allon tsaye, inuwarsa ta faɗo ta rufe gwangwanin gam da rabin benci.

Mai Faci ya dubi inuwar, ya dubi allon.

"Ranka ya daɗe, ƙorafina ɗaya ne," ya ce. "A ɗan matsar da shi yamma kaɗan."

Aka matsar, inuwa ta rufe bencin gaba ɗaya. Aka yi tafi, aka ɗauki hoto, motoci suka tafi.

"Ka ba ni kunya," in ji Tela. "Ƙarya ce fa a rubuce a saman kanka."

"Na sani. Daga ƙasa ba a ganin rubutun," ya ce, ya jawo wata taya ya fara kwancewa. Can ya ɗago ya nuna 'yar bishiyar da haɓa. "Waccan ba ni zan sha inuwarta ba, Tela. Amma wanda zai zauna a nan bayana, ka gaya masa ranar da ta fi allon tsayi ya tumɓuke shi ya sayar wa 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe."

Da yamma ta yi ya ɗauki baho, ya zagaya bayan allon, ya juye ruwan a hankali a cikin tayar, ya ce mata, "Ga ladanki."