Ki Kewaya Kafin Ki Sa Hannu a Kwano

Mahaifinmu tela ne, a zauren gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi yake ɗinki. Kullum da allura a bakinsa, sai magana ta zama dole yake cire ta. Kowane ɗa a gidan akwai magana guda da ya bar masa. Yayana an ce masa kada ya gwada takalmi da safe. Ƙanwata an ce ta daina dariya kafin a gama labari, har yau ba ta daina ba. Ni kuwa tawa ita ce: "Ke, duk gidan da kika je, ki kewaya kafin ki sa hannu a kwano."

Ban yi boko ba, amma maganar ubana ba sai an fassara min ba. Falo maƙaryaci ne, don baƙo ake share shi. Banɗaki kuwa ba ya iya ƙarya. In na shiga nakan duba gindin buta, in duba bayan ƙofa, in ga ko sabulun ana wanke hannu da shi ko ado ne. Da haka na san gidajen unguwarmu fiye da masu su. Da haka kuma na hana 'ya'yana maza aure biyu, ban yi nadama ba.

Saura autana. Ma'aikaci ne, furfura ta fara leƙo masa a gemu, sai kwanan baya ya samo yarinya a Tarauni. Ranar da zan je gaida uwarta ya durƙusa a gabana ya ce don Allah don Annabi in zauna inda aka ajiye ni, in ci abin da aka ba ni. Ya ce in wannan ma ta kuɓuce masa ya haƙura da aure. Na ce masa na ji. Ban ce na yarda ba.

Hajiyar gidan mace ce mai fara'a, ta jera mana waina da sinasir da farfesun kaza, ni da ƙanwata. Na ce zan kewaya. Aka nuna min wata ƙofa a jikin falon. Wurin sai ƙyalli yake, ga ƙamshin turare, sabulun ko rubutun jikinsa bai goge ba. Nan take na gane na baƙi ne, ƙanin falo, uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Na fito na zauna kaɗan, na ce zan sake, amma a kai ni wani. Aka kai ni na ɗakin Hajiya. Shi ma tsaf, sai dai mace mai jiran baƙi ai za ta gyara nata. Abin da nake nema shi ne na tsakar gida, wanda yara ke shiga.

Da na miƙe karo na uku, sai fuskar Hajiya ta canza. Ta sa aka kwashe farfesun daga gabana, aka kawo min ruwan gishiri da sukari, ta zauna kusa da ni tana tambayata a hankali tun yaushe ciwon cikin ya fara. Ƙanwata ta cusa mayafi a baki, kafaɗunta na rawa. Haka aka rako mu har bakin titi ana yi min sannu, ban ci komai ba, ban kuma ga abin da na je gani ba.

Na gaya wa autan maganar tana nan a rataye. Shi kuma ya kai ƙarata wurin kawunsa, wato yayana, a Daurawa. Tsohon ya zo da sandarsa, ya sa na maimaita masa maganar Baba. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Wai ina ƙarama an kai mu yawon salla gidan goggonmu, na sha kunun zaƙi na ƙoshi, na jiƙa mata sabuwar tabarma. Tun ranar Baba yake faɗa min haka duk za mu fita.

"Fitsari yake nufi," in ji shi. "Ba leƙen asiri ya aike ki ba."

Na ce in haka ne, me ya sa ya sake faɗa min ranar da za a kai ni ɗakin miji?

"Katifar sabuwa ce."

Mutumin da bai taɓa riƙe tsintsiya ba, me ya sani game da gida?

Washegari da hantsi sai ga sallama. Hajiya ce ta zo dubiya, da kular faten dankali. Ko zama ba ta yi ba ta ce za ta ɗan kewaya, wai ta daɗe a hanya. Butata ta tsage tun watan jiya, na ɗaure ta da leda, ga wankin autan jiƙe a bokiti ya kwana. Ba halin in riga ta shiga.

Ta fito ina kallon fuskarta kamar yadda nake kallon bayan ƙofar mutane. Ban ga komai ba. Ta zauna, ta hango dambun da na turara, ta ce a ɗan zuba mata. Ta ci, ta nemi ƙari, ta ce in na warke sai na koya wa 'yarta.

Macen da ta ga butata ta kuma ci dambuna, ba ni da ta cewa a kanta. Da yamma na ce wa autan ya gaya wa kawunsa su je a sa rana.

An yi biki lafiya, yarinyar ba laifi. Banɗakin tsakar gidan nasu dai har yau ban gan shi ba. Amma ta kusa haihuwa, a gidansu za ta yi wankan jego, kuma da sassafe zan je.