Yashin Bayan Zana

A garinmu, can bakin fadama gabas da Haɗeja, babu namijin da ya girma bai yi fitsarin jini ba. Yaro zai fara bin manya kamun kifi, ya wuni a ruwa, bayan damina biyu ko uku sai a ga ja a wandonsa. Ba mai tayar da hankali. Tsargiya ce. Tsofaffi kan ce kogi ne ke karɓar rabonsa daga wanda yake ciyarwa, wasu iyayen ma murna suke yi, wai yaro ya kama hanyar zama namiji. In gemu ya fito, yawanci abin kan lafa.

Abin da zan faɗa ya faru ne zamanin Turawa, bayan jirgin ƙasa ya daɗe da isowa Malam Madori. Ni da damina nake ƙirga, kuma damina uku ne.

Maigidana masunci ne, furfura ta riga ta cinye gemunsa. Akwai wani wuri bayan zanar ɗakina, mai yashi, inda yakan tsuguna in ya dawo daga masallaci da safe. Ni ke share wurin. Na goyi maza uku, na san tsargiya kamar yadda na san tafin hannuna: ɗigo biyu ko uku ne a ƙarshen fitsari, ja wur, yaro na cije baki saboda zafi. Na maigidan ba haka yake ba. Wurin duka ne ke rinewa, ja mai duhu kamar zoɓon da ya kwana, da guda-guda kamar an yayyanka hanta. Ga shi kuma yana tashi ya ɗauki butarsa ya wuce, ko tsaki babu. Sai ya yi kwana biyar haka, sannan yashi ya koma fari fat, wata guda, har ka ce idonka ne ya yi maka ƙarya.

Wata rana da tsakar rana, gari ya watse fadama, ba motsin kowa, na ji wani amo a bayan zana, ƙasa-ƙasa, kamar mutum na karatu a cikin rijiya. Na zagaya. Korayen ƙudaje ne suka rufe wurin ruf. Kajina bakwai suna tsaye sun kewaye shi, sun karkata kai, ba wadda ta kai baki. Kaza fa, da ke cin kowace ƙazanta. Na kore su, suka matsa kaɗan suka sake tsayawa. Na ɗebo toka na zuba, na koma ɗaki na zauna, bandar kifina tana ƙonewa ban tashi ba.

Na yi shiru shekara guda cur. Mace ba ta yi wa mijinta maganar abin da ke ƙasan cibiyarsa; haka aka tashe mu, kuma ni ce ma na fi kowa tsanani a kan irin wannan. Da damina ta biyu ta zo, na ga wuyansa ya fara tsawo, sai na bi ta hannun taubashinsa, ɗan ƙanwar ubansa, wanda wasa ya ba shi damar faɗa masa kome. Na yi masa bayani a tsaye, fuskata na kallon bango. Ya saurara, sannan ya fashe da dariya har da dukan cinya.

Da yamma ya sami maigidan yana ɗinkin taru a ƙofar gida, ina jin su ta zana.

"Kai tsoho! Ashe ka koma yaro ba labari? To sai mu nemo maka kaciya ta biyu."

"Wa ya aike ka, ɗan banza?"

"Matarmu ta ce kogi ya dawo karɓar saura. Ka ci masa kifi shekara da shekaru, kana tsammani ya manta da kai?"

"Kai da ko tarwaɗa ba ka iya kamawa sai ta mutu da kanta, me zai karɓa a wurinka?"

Duk aka yi dariya, har shi. Aka kira wanzami ya yi masa ƙaho a mara, aka jiƙa masa saƙe-saƙi, aka kai wa kogi ƙwaryar nono da gero aka zuba. Bayan kwana uku yashi ya yi fari. Kowa ya ce ka gani. Ni na riga na san farin nan, na san kwana nawa yake yi.

Da jinin ya dawo, ƙaninsa ya matsa masa har ya je ƙaramin asibitin Haɗeja. Malamin asibiti ya ba shi kwalba, ya ce ya kawo fitsarin safe. A nan aka yi kuskuren. Maigidana mutum ne da bai taɓa kai ruɓaɓɓen kifi kasuwa ba, ba kuwa zai ɗauki ƙazanta irin wannan ya miƙa wa ɗan wani a hannu ba. Ya ajiye kwalbar a cikin rufin ɗaki, ya jira kwana shida har fitsarin ya washe, sannan ya cika ta, ya goge ta da gefen rigarsa ya kai. Aka duba a madubin likita, aka ga ƙwan tsargiya. Wane ne a garinmu za a duba a rasa? Aka yi ta yi masa allurai masu sa tari da amai, ya dawo ya ce da ni, ba tare da ya dube ni ba, "To, su ma sun ce tsargiya ce. Sai a bar mutum ya huta."

Shamuwa ta sauka a kan kukar gari, damina ta uku ke nan. Wata safiya, bayan damina ta yi nisa, ya tsuguna bai tashi ba har rana ta take. Ina jin nishinsa. Da ya tafi na zagaya, na tarar da gudan jini ɗaya babba, da wani abu fari-fari a jikinsa kamar tsokar kifi. Na sa sakaina na kwashe har da yashin, na zuba a ƙaramar tukunya, na rufe da faifai, na ɗaure da tsumma. Ranar kasuwa ce. Na sa ta ƙarƙashin kwandon banda na ɗora a kai na kama hanya. Tun daga bakin gari har ganuwar Haɗeja ƙudajen nan suna bina, ba su sauka kan kifin ba.

Malamin asibiti saurayi ne, sa'an ɗana na biyu. Ya ce, "Iya, a nan ba ma sayen kifi."

Na ce, "Ba kifi na kawo ba. Na maigidana ne, wanda kuka yi wa allura. Abin da ya kawo muku zaɓa ya yi. Ga na gaskiyan."

Ya buɗe yana murmushi. Murmushin ya tafi. Ya ɗauki tsinke ya juya abin, ya daɗe, sannan ya ce likita Bature zai zo rangadi ran Laraba, lalle a kawo shi, kada kuma a bar shi ya sake zaɓe.

Na koma gida na faɗa masa abin da na yi, baki da baki, ban bi ta hannun kowa ba. Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. Ya ce, "Kin ɗauki tsiraicina a ka kin kai birni." Na ce na ɗauka. Bai sake yi mini magana ba har Laraba, amma ya je.

Baturen ya shiga da shi bayan labule ya lalluba marar, ya sa yatsa ta baya, abin da maigidan bai taɓa ambata ba har ya bar duniya. Da suka fito, tafinta ya tambaya tun yaushe ake ganin jinin. Maigida ya ce wata biyu. Na ce daga bakin ƙofa, "Damina uku." Baturen ya ɗago ya dube ni, ya ce wani abu gajere. Tafinta ya ce, "Wai me ya sa sai yanzu?" Likitan ya ce akwai tsiro a mafitsara, yana jin sa a hannu, a tafi Kano kafin ruwa ya rufe hanya.

Ruwan kogi ya riga ya fara malala. Da kwalekwale muka fita, ni da shi da ƙaninsa, ta kan gonakin da muka shuka da hannunmu. Ba iska, ba kukan tsuntsu, sai kan karan dawa suna leƙowa daga ruwa. Yana kwance ya rufe fuska da hula. Daga tudu muka sami jaki zuwa tasha.

A babban asibitin Kano suka sa shi barci, suka zura wani siririn ƙarfe mai fitila suka leƙa cikin mafitsarar. Tafintan can dattijo ne, bai yi mana kwana-kwana ba. Ya ce ciwon daji ne. Ya ce tsohuwar tsargiya, wadda ta shekara da shekaru tana cin bangon mafitsara, ita kan haifar da shi, shi ya sa jinin tsoho ba a ɗaukarsa kamar na yaro. Ya ce ciwon ya riga ya huda bangon ya kama abin da ke kewaye, wuƙa ba za ta iya raba su ba. Na tambaya, da a damina ta farko aka zo fa? Ya juya ya tambayi likita, ya dawo ya ce, "Wataƙila, Iya. Allah ne masani." Wannan wataƙila ɗin ni ce na ɗauko ta na dawo da ita gida, ba shi ba.

Abin da suka iya yi shi ne suka huda ƙasan cibiya suka sa masa jar roba, fitsari na bi ta nan yana zuba a kwalba, don kada ya sake toshewa. Suka ba mu maganin rage zafi, suka koya mini wanke bakin wurin da ruwan gishiri. Ni da ban iya yi masa maganar marar ba, ni na riƙa wanke ta safe da yamma, shi yana kallon rufin ɗaki.

Ya kai lokacin yankan shinkafa. Ranar da ya cika, da hantsi, maza suka shiga yi masa wanka, mu mata muna zaune a tsakar gida. Sai na ji ruwa ya daina zuba. Can liman ya matso jikin danga, ya yi gyaran murya, ya ce a tambayi mai ɗakin: robar nan ta Turawa, a cire ta ne ko a bar shi da ita? Ba su taɓa wanke mutum da irinta ba, ba wanda ya yarda ya fara taɓawa.

Na ce, "Ku cire. Ba da ita ya zo ba."

Aka miƙo mini ita ta saman danga a cikin ƙwarya, har yanzu da ɗumin jikinsa. Da suka ɗauke shi suka fita, na ɗauki fartanya na shiga bayan rumbu, na haƙa rami har gwiwar hannu, na sa ta, na mayar da ƙasa na taka.